Man Haɗin Anti Rabi

Ba zan taɓa mantawa da jarrabawar baka ta ilimin magunguna da na yi a shekarata ta biyu a kwalejin jinya a Riyad ba.

Malamarmu 'yar Masar ce, Duktura muke ce mata. Ba ta faɗa, ba ta dariya. Gaban aji za ta tsayar da ke ta yi miki tambaya uku. Kika kuskure ɗaya kin faɗi, 'yan ajinku su tafi koyon aiki a asibiti, ke ki maimaita zango. Ni kuwa Baba, wanda direba ne, ya riga ya gama shelanta wa Hausawan unguwarmu Manfuha cewa 'yarsa ta kusa fara duba marasa lafiya. Har "Likita" ake kirana (ni da ban taɓa yi wa kowa allura ba sai lemo).

To, ga inda matsalar take. Wata bakwai ke nan ina shafa man haɗin Anti Rabi, maƙwabciyarmu 'yar Maraɗi. Daga kasuwar Utaiƙa take sayo mayukanta, ta matse su a roba, ta gauraya da cokali, ta miƙo miki babu suna babu takarda. Ni da nake haddace sunayen magunguna kamar karatun allo, ko sau ɗaya ban tambaye ta me ke ciki ba. Na ga ina haske, magana ta ƙare. Daga wuya har ƙafa nake laftawa, safe da yamma. Da fuskata ta fara cika, Umma ta ce karatu ne ya karɓe ni, ni ma na yarda.

Ranar jarrabawa na zari takardar tambaya, sai ga maganin kotizon. Na yi hamdala a zuci, don na haddace babin tsaf.

"Ina jiki yake yin nasa kotizon ɗin?" in ji Duktura.

"A wasu 'yan halittu biyu da ke saman ƙoda."

"Tayyib, da kyau. Alamomin wanda ya yi masa yawa a jiki?"

Na gyara tsayuwa, har da ɗaga kai. "Fuska takan cika ta yi zagaye." Sai na ga ta ɗago daga takardarta ta tsura min ido. "Gashi yakan fito wa mace a haɓa." Hannuna ya tafi haɓata da kansa (da safen nan na tsige guda uku). "Fata takan yi laushi, ɗan bugu kaɗan ya bar tabo. Sai nankarwa ja a damtse da cinya…" A nan muryata ta fara shigewa ciki. Wallahi sai a lokacin na gane kaina nake karanto wa aji, gaɓa bayan gaɓa. Tsoro ya kama ni, kunya ta biyo baya.

Duktura ta taso ta zo gabana. "Naɗe hannun rigarki, ya binti," in ji ta, wato 'yata.

Na naɗe. Ga nankarwa nan jere a damtsena, ga tabon da ƙofar mota ta bar min sati biyu bai tafi ba. 'Yan layin gaba suka sunkuyar da kai, abin da ya fi dariya ciwo.

"Wane mai kike shafawa?"

"Haɗi ne, Duktura."

"Me ke ciki?"

"Ban sani ba."

Ta koma ta zauna. "Tambaya ta uku. Mai wannan hannun ta zo wurinki. Me za ki ce mata?"

Ni dai burina ƙasa ta tsage in shige, sai bakina ya riga ni. "Ta zubar da shi yau ɗin nan."

Ta ɗora biro a kan sunana. "Kin tabbata?"

Na ga zango guda yana shirin tafiya, na ga fuskar Baba. Na runtse ido na lalubo shafin a kaina.

"A'a, Duktura. Kada ta daina lokaci guda. Jikinta ya ga kotizon yana shigowa daga waje, mai yiwuwa ya rage yin nasa. In ta yanke kwatsam, jininta zai iya sauka ta faɗi. Ta je likita ya auna ta, a janye mata a hankali."

Ta yi rubutu a takardarta. "Kin ci. Yanzu ki bi shawarar da kika ba ta." Ta miƙo min takardar zuwa asibiti a gaban kowa.

Na je, gwaji ya gaskata zarginta: kotizon ɗin da ke cikin man Anti Rabi ne ya yi min yawa a jiki. Wata biyu likita yana janye min shi kaɗan-kaɗan, hasken ma ya tattara ya tafi, ya bar ni da fatar da Allah ya ba ni da kuma nankarwar da na saya da kaina.

Yanzu da nake aiki, duk matar da ta zo min da cikakkiyar fuska tana cewa ƙiba ce, kafin in tambayi abin da take sha sai na tambayi abin da take shafawa. Amma sai na ja labule tukuna.