Yadda Za Ka Harbi Hadari Ka Rasa Inabin Gari

Kai da aka ɗora wa shugabanci har kana jin ƙirjinka kamar an aza masa dutsen niƙa, matso kusa. Bi matakan nan, na yi maka alkawari kafin kaka za ka yanke hukuncin da jikokinka za su riƙa jin labarinsa a bakin mutane. An gwada hanyar a ƙauyenmu a kan Radisav, shugaban ƙungiyar manoman inabi, ba ta kuwa ba mu kunya ba. Shi ke rataye da mabuɗin rumfar rokokin da muke harba wa hadari don ƙanƙara ta narke kafin ta iso gona. Rokokin kaɗan ne, in sun ƙare sai baɗi, inabi kuwa shi ne cinmu da suturarmu.

1. Goya kuskuren bara

Bara hadari ya haɗu Radisav yana ta neman shawara, kafin ya buɗe rumfa ƙanƙara ta sassabe gonakin gangare. Wani zai ɗauki darasi ya wuce. Kai kada ka yarda. Ka ci abinci da abin, ka je coci da shi, ka kwanta da shi. Tun daga ranar, duk sanda Radisav ya ɗaga kai ba sama yake gani ba, bara yake gani.

2. Yi gaba da barci da abinci

Shugaban da ya ƙoshi ya huta tunani yake yi, tunani kuwa ɓata lokaci ne. Baƙar gahawa, taba, sai wata gahawar. Matarsa Milunka ta dafa masa wake da naman da yake so, ya ture kwanon ya ce ba ta san nauyin gari ba. Ta ce ta dai san nauyin tukunyar. Da ciwon kai ya kama shi sai ya ɗaure goshi da ƙyalle, ya riƙa yawo da shi kamar lambar yabo.

3. Saurari mai babbar murya

Masana, wato ni, sun gano cewa idan kai ya ɗau zafi, kunne ba ya karɓar magana sai wadda aka kwarara masa. Ka nemi irin Stojadin, maƙwabcin Radisav, wanda ko gaisuwa ya yi sai karnuka sun amsa. A shagon gahawa yake tare shi.

"Ranka ya daɗe, Shugaba, wai mabuɗin nan na ado ne? Ka ba Milunka mana, ita in za ta yanka kaza ba ta kiran taro."

Shago ya ɗauki dariya. Radisav ma ya yi, irin wadda haƙora ke yi ba da sanin zuciya ba.

4. Kori mai cewa a dakata

Ba a rasa irinsu. Na Radisav shi ne mataimakinsa Vukashin, ƙanen Milunka, wanda ya tuna masa cewa ƙa'ida ita ce a jira masu na'urar duba hadari su bugo waya daga birni, don ba kowane baƙin gajimare ke ɗauke da ƙanƙara ba. Kada ka tsaya auna maganar, auna mai maganar. Radisav ya ce masa ya daɗe da lura mabuɗin yake wa kwaɗayi. Vukashin ya ɗauki hularsa ya fita, shugaba ya samu cikakken goyon bayan duk wanda ya rage a ɗakin, wato shi kansa.

5. Yi wani abu, ko mene ne

Ranar bikin waliyyin ƙauye, gari duk yana harabar coci ana gasa raguna, sai wani gajimare ya leƙo ta bayan tsauni. Waya ba ta buga ba. Amma idanu sun juyo kan Radisav, Stojadin kuma ya yi gyaran murya. Gyaran murya kawai.

Radisav ya hau tudu a guje, ya buɗe rumfa, ya harba ta farko. Nan take ya ji dutsen nan na ƙirjinsa ya ɗan ɗaga. Ga sirrin da ba kowa zai gaya maka ba: ba don hadari ake harba roka ba, don ƙirjin shugaba ake harba ta. Ya ƙara wata, ya ji daɗi, ya ƙara, har sai da hannunsa ya laluba ya ji katako, ba sauran roka. Gajimaren ya yi ɗan yayyafi ya wuce abinsa, kamar yadda da ma ya yi niyya. Aka yi tafi, Stojadin ya rungume shi ya sumbaci kumatunsa. A ranar Radisav ya cinye kwano biyu na wake, ya kwance ƙyallen, ya yi barci har da minshari.

6. Karɓi sakamako

Ana gab da fara tsinkar inabi, da tsakar rana, gari ya yi duhu, wayarsa ta buga. Mutumin birni ya ce su harba duk abin da suke da shi, yanzu yanzu. Radisav yana tsaye a ƙofar rumfar da ba komai cikinta sai ƙura. Ya ce, "To."

Ƙanƙara ta sauko kamar ana juye tsakuwa daga mota. Da ta ɗauke, ƙauye duk ƙamshin ruwan inabi yake, ganye a yayyage, 'ya'yan a dagargaje cikin laka. Na yi niyyar in zage shi, amma da na gan shi zaune a dokin ƙofarsa ya dafe kai da hannu biyu, sai ya ba ni tausayi.

Milunka ta fito, ta ɗauko ƙyallen nan, ta durƙusa ta tsince ƙanƙarar da ta taru a gindin bango, ta ƙulle, ta aza masa a goshi.

"Riƙe da kyau, Maigida. Girbin bana ke nan."

Gargaɗi: ni dai hanya na nuna, ban taɓa ko roka ɗaya ba. Wanda ya bi matakan nan ya wayi gari ba gona ba suruki, kada ya neme ni. Ya kai ƙara wurin shugaban ƙungiya. Radisav ne har yanzu, don da aka zo zaɓe an miƙa wa Stojadin mabuɗin, muryarsa ta ɗauke.