Ranar da Na Cike wa Tsofaffin Puerto Rico Takardunsu

Na manta abubuwa da yawa a zamana na New York, amma wata Asabar a unguwar Tremont da ke Bronx ta ƙi fita daga kaina, kuma ba na jin za ta fita.

Da girmana na koma makaranta, ina aikin kula da marasa lafiya da safe, ina zuwa kwaleji da rana. A zangon ƙarshe malamarmu ta ce kowa ya je ya ji ra'ayin 'yan Puerto Rico mazauna Bronx kan makomar tsibirinsu, wanda har yau yana hannun Amurka. Ya zama jiha a cikin Amurka, ya samu 'yanci, ko a bar shi yadda yake? Takardar tambaya talatin kowa zai ciko, mutum ɗaya takarda ɗaya. Wanda bai kawo ranar Litinin ba ya faɗi, wato babu kammalawa a bana.

Ranar Juma'a takarda huɗu gare ni (ɗaya ma don tausayi aka cike mini). Maigidana ya dube ni ya ce, "Maman Hafsat, door to door ɗin nan, bin gida-gida, wahala ce kawai. Ki nemi babbansu, in ya yi magana, finish."

Na ga gaskiyarsa, don mu a Damagaram haka muka tashi. Washegari na nufi wani lambu inda tsofaffinsu ke buga wani wasan kan tebur da ake kira domino. Na zaɓi wanda ya fi kowa furfura, wai shi Luis, na durƙusa har ƙasa na gaishe shi, na tambayi iyali, na tambayi gajiya (bawan Allah ya zaci gwiwata ce ta riƙe, har ya miƙo hannu zai ɗaga ni). Da na karanta masa tambayar sai ya buga tebur ya ce, "'Yanci!"

Ba wanda ya tanka. A wurina magana ta ƙare, babba ya faɗa, saura sun yi shiru. Na ƙirga kawuna goma sha biyu, na koma gefe na yi wa takarda goma sha biyu alama a gurbin 'yanci, ina ta yaba wa kaina da wayo. Sannan na bi su ɗaya bayan ɗaya ina tambayar shekarunsu don in ƙarasa.

Wata 'yar tsohuwa mai jan lalle a gashi ta leƙa takardar da ke hannuna. "Wa ya ce miki wannan ne ra'ayina?"

Na nuna Luis cikin ladabi na ce, "Ai Baba ya riga ya faɗa."

"Shekara arba'in da shida ina auren mutumin nan," in ji ta, "ko a kan launin labule bakinmu bai taɓa zuwa ɗaya ba!" Ta fizge takardar ta ɗaga sama tana nuna wa kowa. Ashe shirun da suka yi ɗazu hankalinsu na kan wasa ne. Wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. A gabansu na yayyaga takardun, ina ba da haƙuri da Turanci da Faransanci har da Hausa.

Sai kuma abin ya juya. Matar Luis ta ce in ba ta sabuwar takarda yanzu-yanzu, jiha take so, kuma mijinta ya gani da idonsa. Na kusa da ita ya ce shi a bar tsibirin yadda yake. Luis ya ɗauki waya ya kira abokansa su zo su taya shi, ita ma ta kira matan cocinsu. Aka bar domino, aka yi layi a gabana, kowa ya ɓoye takardarsa da tafin hannu yana cikewa. Sau biyu na ruga shago na ƙaro kwafi kafin la'asar.

Ranar Litinin ba wanda ya kai ni yawan takardu a ajin. Malama ta tambayi dabarar, na faɗa mata gaskiya tiryan-tiryan. Ta yi dariya har ta cire tabarau, ta ba ni makina cif, na kammala a shekarar.

Har gobe ina durƙusa wa manya. Amma in babba ya yi magana jama'a suka yi shiru, ba na rubuta komai sai na ji ta bakin matarsa.