Ranar da Tayar Gaba Ta Yi Mini Wanka

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da Baba ya nemi ra'ayina, karon farko a rayuwata. Mota zai saya, ya rasa zaɓi tsakanin wata tsohuwar kat-kat mai ja da taya huɗu da wata ƙarama fara mai ja da tayoyin gaba kawai. Kawu Isuhu, yayan Inna, ya ce, "Malam, ɗauki kat-kat. Hanyar Tebaram ba ruwanta da kyawun mota." Baba ya ce kat-kat shan mai gare ta. Suka yi ta ja, sai ya juyo gare ni.

"Ke Nana, wacce kinka gani?"

Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu! Na ce ƙaramar. (Dalilina? Akwai ɗan madubi a bayan abin tare rana, kuma kujerunta ba su yage ba. Iyakar ilimina na mota ke nan.) Ita kuwa Baba ya saya.

Washegari a lakwal, wato makaranta, na faɗa wa Rakiya, wadda ke zama a gabana kuma ba ta taɓa kula ni ba, cewa ni na zaɓa wa gidanmu mota. Ta juyo, har ta ba ni gyaɗa. Na ce a raina, yau na yi ƙawa.

Da hutun damina muka nufi biki a Tebaram, ina sanye da sabuwar shadda. A wani kori, inda ruwan sama ke bi, motar ta kafe cikin laka, aka ce kowa ya fito ya tura. Na sha ganin motocin kasuwa sun kafe, kuma na lura tayar baya ce ke watso laka. Sai na bar su Kawu a baya, na lallaɓa na kama ƙofar gaba, ina jin kaina mai wayo.

Baba ya taka mai.

Tayar gaba ta kwaso korin nan ta zuba mini, daga kallabi har takalmi, har cikin baki. Ina tofarwa sai ga wata kat-kat ta tsallake lakar ta tsaya. Baban Rakiya ne, su ma bikin za su. Ya fito da igiya yana dariya.

"Malam, wa ya ba ka shawarar shiga Adar da wagga ƴar tsana?"

Baba bai ko yi jim ba. Ya nuna ni.

"Ga mai zaɓin nan."

Kowa ya fashe da dariya, har Inna. Rakiya, da ke zaune cikin kat-kat ɗin, ba ta yi ba. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ɗaga gilashi a hankali. (Da dariyar ta yi, wallahi da ya fi mini sauƙi.) Da muka koma lakwal, duk ajin sun ji labarin, ban da wurin da na tura motar da gaske.

Yanzu kafin in tsaya kusa da mota, sai na tambayi wace taya ke ja. In kuma babba ya ce mini "ke mi kinka gani?", na san ba hankalina yake so ba. Wanda zai nuna ranar da abu ya ɓaci yake tanada.