Mai Gadin da Aka Zauna a Kansa

A wani daji da ke can ƙarƙashin teku, inda ciyawar ruwa ta fi rimi tsawo, majalisar gari ta kori mai gadinta saboda ya iya aikinsa. Abin da ya faru ke nan, ban ƙara gishiri ba.

Sunan mai gadin Makau. In ba ka taɓa ganin irinsa ba, ɗauki tulu ka kife, ka liƙa masa idanu biyu da hannuwa takwas, ka zare duk wani ƙashi da ke jikinsa, to ga Makau nan. Baiwarsa a fata take. In ya hau dutse ya zama dutse, har da ƙurajen dutsen. In ya kwanta a yashi ya zama yashi. Abokin aikinsa Jatau ne, wani dogo siriri mai hannu goma, jikinsa garai-garai kamar kwalbar da aka wanke. A sama inda haske yake, ta cikinsa kake hango abin da ke bayansa. In ya nutsa can ƙasa cikin duhu, sai ya rikiɗe ya zama ja, don a can ja da baƙi duk ɗaya ne. Illarsa guda ce. In ya ci abinci, sai ka ga abincin yana yawo shi kaɗai a tsakiyar ruwa.

Aikinsu kuwa gadin gari daga giwan ruwa, wani ƙaton kifi da bakinsa ya kai ƙofar zaure. Jatau ke hango shi daga sama ya sauko ya sanar, Makau kuma da ke kan baƙin dutsen ƙofar gari ya fesa tawada, ruwa ya yi duhu, kowa ya shige raminsa. Shekara bakwai ko ɗan kifi ɗaya ba a rasa ba. Ladan Makau a wannan aiki shi ne ramin gadi, rami mai sanyi da ya ƙawata bakinsa da ɓawon katantanwa ɗari da wani abu. Duk duniya ba shi da wurin kwanciya sai nan, ga shi girma ya fara kama shi.

To, shekara bakwai ba a ci kowa ba, sai majalisa ta fara tunani, kuma nan ne aka samu matsala. Shugabanta, wani tsohon kunkuru da ake kira Baba Nomau, ya tambayi zauren ko akwai wanda ya taɓa ganin masu gadi a bakin aiki. Can wani ya ce shi dai yakan ga Jatau, amma sai bayan an ci abinci. Nan take aka kafa kwamitin tantance ma'aikata, aka ba Tambai shugabanci, wata kaguwa da ba ta taɓa tunkarar komai kai tsaye ba, ko hanya ko magana.

Ranar tantancewa Makau na kan dutsensa tun da sassafe. Ya ga kwamiti na tafe a karkace bayan shugabarsu, ya ji daɗi, ya ce a ransa yau za a ga aiki. Ya ƙara gyara fata, ya fito da ƙuraje, har da ɗan kore-koren gansakuka a gefe ɗaya don burgewa. Tambai ta iso, ta duba gabas ta duba yamma, ta kira sunansa sau uku. Makau bai amsa ba, saboda dokar gadi ta farko, wadda majalisar ce da kanta ta kafa, ta ce mai gadi ba ya motsi ba ya magana sai an tashi aiki. Tambai ta ce ta gaji, ta nemi wurin zama, ta hau kansa ta zauna.

Tun hantsi take zaune har rana ta yi tsaka. A kansa ta rubuta cewa bai zo aiki ba. A kansa ta ci abincinta, ta goge hannu a kuncinsa. A kansa ta ba 'yan kwamiti labarin yadda Baba Nomau ke janye kai cikin ƙoƙonsa ana tsakiyar zama ya ce nazari yake, alhali har minshari ake ji. Da za ta tashi ta bubbuga kan, ta ce rabonta da dutse mai laushi haka tun tana budurwa.

Bayan kwana biyu aka kira su gaban majalisa. Jatau ya ƙi karyawa don tsoro, saboda haka aka rubuta bai halarta ba alhali yana tsaye gaban magatakarda. Makau kuwa tun shigarsa ya ɗauki launin tabarmar zauren ba da saninsa ba, sai da aka sa ya ɗaga hannu uku kafin a gane inda yake. Aka ce ya kare kansa.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "ni ba mai dogon zance ba ne. Aikina shi ne kada a gan ni. Da kwamiti ya gan ni, ai da giwan ruwa ma ya gan ni, don ya fi kwamiti ido. Ina wurin. Ni ne dutsen da uwar ɗakina ta zauna a kai. In ana son shaida, tsutsa huɗu ta ci, ta biyar ta faɗa mini a ido. Kuma ta ce Baba yana minshari a cikin ƙoƙo."

Baba Nomau ya janye kansa ciki don nazari. Tambai ta miƙe, ta matsa hagu, ta matsa dama, sannan ta yi jawabi.

"Ya shugaba, ba Makau nake zargi ba, Allah ya kiyaye. Tambaya kawai nake. Wanda da safe baƙi ne, da rana ƙasa-ƙasa, yanzu kuma ku dube shi ya yi fari fat, wace magana tasa za a riƙe? Mu takwas muka je wurin nan, mu takwas muka ga dutse, mu takwas muka sa hannu cewa dutse ne. Yanzu mutum ɗaya zai zo ya ce dutse ba dutse ba ne? Gobe kuma wani ya ce shi ne tabarma."

Makau ya so ya ce ai ɗazu ma shi ne tabarmar, amma haushi ya riga ya mai da shi jawur, aka rubuta wannan ma a matsayin rashin ladabi. Majalisa ta same shi da laifi biyu: rashin zuwa wurin aiki ranar tantancewa, da kuma laɓe wa kwamiti a wurin aiki ranar tantancewa. Babu wanda ya ga wani abin mamaki a ciki. Aka kuma tabbatar a rubuce cewa dutsen dutse ne.

Amma aka yi masa sassauci. Aka ce daga yau kowane mai gadi ya riƙe launi ɗaya da hukuma ta sani, in ya canza a karɓe raminsa. Kwana uku aka yi ana gardama kan launin, don masu son shuɗi sun yi fushi sun fice sau biyu, a ƙarshe aka tsaya kan ruwan ɗorawa saboda babu mai sonsa. Jatau da ba shi da launi aka umarce shi ya riƙa cika ciki kullum don a riƙa ganinsa. Bai ɗaukaka ƙara ba. Aka ce jatan lande za a riƙa ba shi, kasancewar wakilinsu bai zo zaman ranar ba.

Makau ya koma raminsa ya daɗe yana kallon ɓawon katantanwarsa. Jatau ya leƙo, baki cike, ya ba shi shawara ya gudu. Makau ya ce ina zai je da wannan shekarun, ramukan da suka rage duk na haya ne kuma akwai maƙwabta. Ya ce zai yi ɗorawar, in an cinye shi aƙalla daga gidansa ya fita.

Washegari ya hau baƙin dutse ya zama ruwan ɗorawa shar, kamar an ɗora kabewa a kan gawayi. Riƙe launi ɗaya ya fi masa ɗaukar kaya wuya, fatarsa sai ƙaiƙayi take tana son komawa dutse, yana lallashinta. Majalisa ta fito ƙwanta da ƙwarƙwatarta bikin ƙaddamar da sabon tsarin gadi. Can sama ga cikin Jatau yana lilo kamar buhun da aka rataye. Tambai ta nuna su, ta ce yau dai kowa ya ga masu gadi daga nesa.

Gaskiya ta faɗa. Giwan ruwa, wanda ya shekara bakwai yana wuce wurin nan yana zaton kufai ne, ya hango su tun daga bayan gari. Jatau ya so ya sauko ya sanar, nauyin ciki ya wuce da shi can ƙasa, ya yi ja ya yi lamo. Makau bai ankara ba sai da inuwa ta rufe shi. Ya tuna rami, ya tuna doka, ya tsaya a ɗorawarsa na ɗan lokaci, kuma wannan ɗan lokacin ne ya ci masa hannu ɗaya har kafaɗa. Daga nan fatar ta daina neman izini. Ya fesa tawada, ya zama dutse. Ruwa ya yi baƙi ƙirin, majalisa ta watse, kifin ya yi ta dube-dube bai ga komai ba, ya haɗiye hannun da takardar jawabin Tambai ya yi gaba.

Zaman gaggawa bai ɗauki lokaci ba. Shaidu goma sha ɗaya sun rantse cewa a daidai lokacin da aka kawo hari sun duba kan dutse ba su ga mai gadi ba. Aka kori Makau, aka ce ya bar ramin kafin yamma. Dogarai suka je fitar da shi, suka dawo suka ce ya riga ya gudu, ko ɓawon katantanwa ɗaya bai ɗauka ba, babu komai a ciki sai wani dutse a tsakar ɗaki. Ramin gadi ya zama ba kowa, majalisa ta ba Tambai shi don yaba ƙoƙarinta.

Har yau tana ciki. Kullum da hantsi takan hau dutsen nan ta zauna ta ci tsutsarta, ta goge hannu a gefensa, in baƙi sun zo ta nuna musu yadda yake da laushi, da kuma jijiyoyi bakwai da Allah ya yi masa a ƙasa. Ƙorafinta ɗaya ne. Duk ranar da ta kawo zancen ragwancin Makau, sai dutsen ya ɗan yi ja.