Rasuwar Shaho, Jirgin Abdulghani

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Zaharaddeen na unguwar Mahjar nake sanar da rasuwar Shaho, ɗan ƙaramin jirgin sama mai tashi da rimot, wanda ya faɗi ranar Juma'a a filin bayan Madinar Masana'antu, wato unguwar kamfanonin nan da ke kusa da teku.

Marigayi yayana Abdulghani ne ya ƙera shi da hannunsa, a siffar jiragen yaƙin duniya na biyu masu tashi daga kan jirgin ruwa su kai hari da kai ƙasa. Shaho ba mai gudu ba ne. A tafiyar miƙe ma nauyin jiki gare shi kamar tsohon ɗan dako. Amma idan ya yi sama har ya zama ɗigo, sai ya kifa, ya buɗe birkinsa mai huji-huji a bayan fukafukai don kada gudu ya fi ƙarfinsa, ya sunkuyo kusan a tsaye kan tsohuwar tayar da muke ajiye masa. Ya saki ƙullin fulawa a matsayin bam, ya ɗago hanci, ya wuce. Bai cika kuskure ba.

Iska na ratsa hujin nan tana cewa fiiiuuu. Don wannan kukan ne mahaifiyarmu Hajiya Dela, wadda idonta ya tafi, take sa in kai ta filin kowace Juma'a. Tana zaune a mota, gilashi a sauke, da ta ji shi sai ta ce, "Halas, shi ke nan, Abdulghani ya sauko lafiya."

Gishirin iskar teku ne ya ci wayar birkin a ɓoye. Ranar ajali Hajiya na gida da mura. Shaho ya sunkuyo, birki ya ƙi buɗewa, ya sauko shiru babu kuka. Shirun nan ke bina har cikin sallah, wallahi tsoronsa nake ji.

Ya bar rimot, batir biyu, rabin fiffike, da tsohuwa guda da ba ta san ya rasu ba. Masu cewa in sayo wani a kanti, Allah ya shirye ku. Na gwada, na kanti ba shi da muryar nan.

Za a binne shi a inda ya faɗi, ranar Alhamis bayan la'asar. Babu zaman makoki. Mai zuwa ta'aziyya ya tsaya a bakin ƙofa ya rage murya, don Hajiya ta warke, har ta sa an goge mata abayar Juma'a.