Sandar Kawu Idi da Na Goge

Komai tsufan da zan yi, ba zan taɓa manta abin da na yi wa sandar Kawu Idi ba, a shekarar da hukuma ta ce mu tashi daga unguwarmu Zango za a rushe ta.

Lokacin ina aiki a wata atiliye, wato shagon masassaƙa, a unguwar Wemtenga, inda ake sassaƙa giwaye da raƙuma ana sayar wa nasaru. Ni ba masassaƙi ba ne (kada in yi muku ƙarya), mai goge katako ne. Na sha fama da takardar gogewa har yatsuna suka yi kanta, sai maigidana ya sayo buroshin nan masu juyawa da ake ɗaurawa a bakin injin huji. Akwai na waya mai cin itace, akwai mai gashin roba, akwai kuma mai laushi da ke shiga lungun sassaƙa ba tare da ya ɓata zane ba. Ya ja mini kunne cewa tsohon itace da mai laushi ake fara masa, kuma ba a dannawa. Na ce to. Amma wallahi daga ranar kaina ya kumbura. Duk katakon da na gani sai hannuna ya yi ƙaiƙayi, har muciyar gidanmu ba ta tsira ba.

Kawu Idi yayan mahaifiyata ne. Tsohon direban kamiyo ne, babbar motar kaya, daga Ƙonni, ciwon ido ya makantar da shi tun ina ƙarami. Matarsa, Inna Habsu, ita ke yi masa jagora: ta riƙe ƙasan sanda, shi ya riƙe kai, su bi lungunan Zango. Bayan ta rasu sai ya ci gaba da fita shi kaɗai, don ƙafarsa ta haddace unguwar. Yanzu ga shi za a kai shi can bayan gari, inda bai san ko kwata ɗaya ba.

Tausayi ya kama ni, na ce bari in faranta masa. Sandar ta yi baƙi ƙirin, duk dauɗa a ganina. Ranar da maƙwabta za su yi addu'ar ban kwana, na faki idon mutane yana barcin rana, na ɗauke ta na hau ɗan babur ɗina mobileti sai atiliye. Mai laushi ya kasa komai, ni kuwa ina sauri, sai na ɗaura na waya na danna iya ƙarfina. Baƙin gari na zuba, ni ina murmushi (ku ji sakarai). Na bi ta da sauran buroshin, na shafa mata man kaɗanya, ta fito ja wur tana sheƙi. Ban tsaya na tambayi kaina me makaho zai yi da sheƙi ba.

Bayan la'asar, an gama addu'a a ƙofar gida, dattawa na zaune a tabarma, har gyaran murya na yi. Na durƙusa na ce, "Kawu, ga sandarka, na gyara maka saboda sabon gida."

Mutane suka yi ta madalla. Wani ya ce kamar daga kanti.

Kawu ya shafa kanta, ya gangara da hannu har ƙasa. Ya juya ta, ya sake shafawa a hankali. Sai ya ce, "Ɗana, wannan tana da kyau. Amma miƙo mini tawa."

Aka yi dariya. Ni ma na yi, na ce, "Ai ita ce, Kawu."

"Ita ce?" Yatsunsa suka koma ƙasan sandar suna lalube. "To ina wurin hannun Habsu?"

Ashe baƙin nan na ƙasa ba dauɗa ba ce. Gumin tafinta ne na shekara da shekaru ya lafe a itacen, ya yi wani santsi da yatsunsa suka sani. Mahaifiyata ta ce daga bakin zaure, kullum da safe sai Kawu ya shafa wurin kafin ya fita. Kowa a gidan ya san haka sai ni, gwanin buroshi. Ina durƙushe, na rasa inda zan sa fuskata.

Da ma ya zage ni, da na ji sauƙi. Cewa ya yi, "Ka sha wahala. Allah ya yi maka albarka." Ya ajiye ta gefe.

A sabon gida bai ƙara fita shi kaɗai ba. Wata rana na je gaishe shi, muna cikin hira ya ce, "Ɗana, garin nan da ya zuba lokacin da kake gogewa, ka share shi?"

Na ce na share.

Ya ce, "To."

Har yau ina wannan sana'a, kuma an ce na iya. Sai dai duk wanda ya kawo mini tsohon itace, sai na ishe shi da tambayar wane ne ya riƙe shi da, kuma ina ne ba za a taɓa ba. Wasu har haushi suke ji, su ce na cika surutu. Ina barinsu su faɗa. Ranar da ya kamata in yi tambaya ɗaya tak, ban yi ba.