Injin Kwale-kwalen Baffa

Ba zan taɓa mantawa da injin kwale-kwalen Baffa ba. Ko na so mantawa ma, mutanen ƙauyensu ba za su bar ni ba.

Lokacin ba a daɗe da ƙirƙiro Jihar Jigawa ba, Dutse ta cika da ma'aikatan da aka kwaso daga Kano, kowa da tsohon babur ɗinsa mai tari. Ni kuma ina da 'yar rumfar gyara a Limawa, ina gyaran babura da injinan ban-ruwa, ina ji da kaina kamar ni na ƙera su. Aikin dai na iya shi (na san yabon kai jahilci ne, amma ai ba a hana mutum faɗin gaskiya ba). Babbar matsalata ita ce baki.

A lokacin ina neman Zulai, wadda ke zaune wajen yayarta a unguwarmu. Iyayenta suna wani ƙauye a bayan Miga, bakin fadama, inda ruwa ke raba su da kasuwa duk damina. Mahaifinta shi ne Baffa, dattijon Bafillace da ya bar kiwo ya koma noman shinkafa, dogo, mai tsadar magana. Sunansa Iliyasu, da yana yaro ana ce masa Ilu, amma tun rasuwar mahaifiyarsa babu mai kama wannan sunan. Matarsa Malam take cewa, sauran gari kuwa Baffa, har dagaci. Ni ma a bakin mijin yayar Zulai na ji sunan, shi ma sai da ya waiga hagu da dama kafin ya faɗa. Ni da nake neman 'yarsa kuwa, ko ƙwayar idonsa ban taɓa gani ba. Takalmansa kawai na sani, don su nake durƙusawa in gaisar. Manyana sun je tambaya, ya ce a ba shi lokaci ya ga kamun ludayina.

Wata la'asar muna zance, Zulai ta ce Baffa yana da wani tsohon injin jirgin ruwa da amininsa ya kawo masa daga Tafkin Chadi. Ya yi shekara da shekaru a zaure, kaji na kwana a kai.

"An gwada gyara shi an kasa," in ji ta.

Maimakon in ce Allah ya kawo mai iyawa in yi shiru, sai na gyara zaman hula na ce, "Zulai, duk abin da ke shan fetur a duniyar nan ɗana ne."

Ashe yarinyar nan ba ta riƙe magana. Kasuwa na zagayowa sai ga akori-kura a bakin rumfata, an sauke min injin a naɗe cikin buhu, da saƙon Baffa wai yana gaishe ni.

Da na buɗe shi na tarar zanzaro ya yi gida a cikin kafireto, fulogi ya yi tsatsa, igiyar tayarwa ta ruɓe. Na wanke, na goge, na canza abin canzawa, na haɗa masa fetur da baƙin mai. Na kuma gano cewa da ruwa yake hucewa, in aka tayar da shi a tudu ƙonewa zai yi. To ni ɗan Dutse ne, ruwa mafi zurfi da na sani shi ne na randa. Sai na samo durom, 'yan garuwa suka cika min, na rataya injin a baki, na ja igiya. Ai kuwa ya amsa! Akwai wani ɗan ƙarfe a gefensa, wato giya, na tura shi gaba don in ga farfela na juyawa. Nan take ruwa ya yi sama ya wanke ni, ya wanke mai shayin kusa da ni har da burodinsa. Ban ji zagin da ya yi min ba saboda murna.

Abu biyu na raina. Maɓallin kashewa ya mutu, kuma kaf Dutse babu irinsa, sai na ce ba komai, in na zare tiyon mai ai zai mutu da kansa. Giyar nan kuma na bar ta a gaba yadda take. A cikin durom, ko gaba ko baya, ina injin zai je?

Ranar mayarwa na ci ado da babbar riga ta shadda wadda ta sha sitaci, na kafa zanna-bukar. (Za ka ce wane makaniki ne ke zuwa aiki da babbar riga? Wanda zai je gidan surukai.) Na tarar ƙauyen nan kaf ya fito bakin ruwa, maza a gaba, mata can baya gindin giginya, Zulai na cikinsu don ta riga ni zuwa. Aka ɗaure injin a katakon bayan kwale-kwale, na ƙara matse shi da kaina ina wani ɗaure fuska irin ta masana. Baffa ya shiga ya zauna a tsakiya kan buzu, ya buɗe laima.

"Bismillah, ɗan Dutse," ya ce. Tunda nake, wannan ce magana mafi tsawo da ya taɓa yi min.

Ina sa ƙafa jirgin ya yi tangaɗi, amma na dake. Don kada injin ya ba ni kunya a gaban jama'a, na murɗe masa mai har ƙarshe. Na tsaya ƙiƙam, na ja igiya da iya ƙarfina.

Ja ɗaya ya tashi. Kwale-kwalen ya zabura kamar jakin da rina ta harba, ya fice daga ƙarƙashin ƙafafuna, na ji ni tsundum. Babbar riga ta kumbura ta rufe min kai, na shiga kalmar shahada da ƙarfi ina neman gafarar duk wanda na taɓa sa wa tsohon fulogi. Can na ji wani yana cewa, "Malam, miƙe tsaye mana!" Na miƙe. Ruwan iya cibiya ne.

Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. Baffa fa yana cikin jirgin shi kaɗai, hannun injin ya karkace gefe guda, jirgin sai zagaye yake yi a guje. Laima ta tashi, hula ta bi ta, dattijo ya riƙe gefe da gefe. Kowane zagaye kuma ƙara faɗi yake, yana kusantar tsakiyar kogi inda ruwa ke gudu da kututture. Gari ya kaure da "Baffa! Baffa!", shi kuwa bai san wa zai kalla ba.

Ni kaɗai na san maganin. Da ya zo wucewa ta kusa da ni na sunkuyar da kai na ce, "Baffa, Allah ya huci zuciyarka, akwai wani ɗan tiyo…" Ya wuce. Ya sake zagayowa na ce, "Ranka ya daɗe, in ba za a damu ba, tiyon nan baƙi…" Ya wuce. Ladabina ya fi zagayen tsawo. Da na ga bakin jirgin ya fara taɓa ruwa mai gudu, ban san lokacin da na buɗe maƙogwaro ba.

"Kai Ilu! Zare tiyon nan!"

Ihun mutane ya ɗauke ɗif. Baffa ya juyo a firgice kamar yaron da uwarsa ta kama yana shan nonon ƙwarya, ya rarrafa, ya fizge tiyon. Injin ya yi tari ya mutu. Samari suka bi da gora suka jawo jirgin.

A cikin shirun nan na ji wata tsohuwa tana cewa, "Innalillahi! Rabona da jin sunan nan tun Inna mahaifiyarsa tana da rai."

Baffa ya sauko ya nufo inda nake. Ni kuma saboda sabo na durƙusa in gaishe shi, na manta a ruwa nake, sai da ya kai min haɓa. Ya daɗe yana kallona, karon farko na ga idonsa. Ya ce, "Injin ya gyaru," ya wuce gida.

Na koma Dutse da takalmi wari guda, na tabbata na yi wa aurena salla. Tuwo ya daina shiga, na rame, don ina son yarinyar nan har cikin raina. Na je wajenta sau da yawa, da ta leƙo ta gan ni sai ta toshe baki da mayafi ta koma ciki, in ji dariyarta har zaure. Ana cikin haka Baffa ya aiko wai manyana su je. Kawuna ya tafi da niyyar ba da haƙuri, ya dawo da ranar ɗaurin aure. Ya ce abin da Baffa ya faɗa kawai shi ne, "Duk garin nan suna ta girmama ni ina tafiya lahira. Yaron nan kaɗai ya gaya min abin da zan zare."

Kada ka ɗauka ya yafe min kyauta. Da Zulai ta haifi ɗanmu na fari, ya aiko a gaya min yana roƙon a sa wa yaron Iliyasu, "tunda akwai wanda ya iya kiran sunan a gidan." Aka sa. Yaron nan yau ya fi ni tsawo, ko sau ɗaya ban taɓa kama sunansa ba, Baffa nake ce masa. Injin kuwa yana nan, duk damina ni ake kira in duba shi, a tudu, cikin durom.

Abin da na koya shi ne, kafin ka nuna wa mutane ka iya tayar da abu, fara tabbatar da ka san ta inda ake kashe shi. Wannan har da baki.